Bin Sawun Hoton da Ya Ƙi Fitowa a Manhajar Intanet

1. Gabatarwa

Nazarin Hausa a wannan zamani ya dogara ƙwarai da gaske bisa hotuna. Takardun ajami da ke hannun malamai a zaurukansu, da waɗanda ke gidajen ajiya irin su Arewa House a Kaduna, ana ɗaukar hotonsu shafi shafi, domin mai bincike ya karanta su ba tare da ya taɓa takardar da ta riga ta tsufa ba. Masu haɗa ƙamus su kan so su sa hoton ƙoshiyar masaƙa ko na zugazugin maƙera kusa da kalmar da su ke fassarawa. Malaman kwalejojin horon malamai kuma su kan shirya darussan karatu da hotuna. Galiban ana ɗora waɗannan duka a manhajar intanet, watau shirin kwamfuta wanda a ke aiki da shi ta cikin burauza, shi kuwa yana zaune cikin wata kwamfuta mai nisa wadda a ke kira uwar garke.

Kuka iri biyu a kan ji daga masu wannan aiki. Ko dai a ce hoton ya ƙi hawa, ko kuwa a ce ya hau amma ya ƙi fitowa, sai wata 'yar alama ta tsagaggen hoto a gurbinsa. Abin da mutane su ka saba yi shi ne su sake ɗorawa, su sake, har su gaji su ɗora laifin bisa layin intanet. Wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Hoto ya kan bi zanguna sanannu tun daga hannun mai ɗorawa har zuwa idon mai kallo, ko wane zango kuwa yana da irin cikas ɗinsa da irin shaidar da ya ke bari. Wanda ya gane zangon da hoton ya tsaya ya yi rabin gyara. Za a ga kuma cewa yawancin hotunan da a ke tsammani sun ɓace suna nan lafiya lau, sunan da a ke kiransu da shi ne ya saɓa da sunan da a ka ajiye su da shi. Wannan kuwa ya shafi Hausa fiye da harsuna da yawa, saboda baƙaƙenta masu ƙugiya.

2. Hoto dabam, sunansa dabam

Shafin intanet ba ya ɗauke da jikin hoto kamar yadda shafin littafi ya ke ɗauke da shi. Tun a shekarar 1993, sa'ad da Marc Andreessen ya kawo alamar IMG cikin burauzar Mosaic, abin da shafi ya ke ɗauke da shi adireshin hoton ne kawai. Burauza ta kan karɓi shafin tukuna, ta ga adireshin, sa'an nan ta sake aikawa uwar garke ta ce a ba ta fayil mai suna kaza. Saboda haka abubuwa biyu ne a ke ajiyewa a wurare biyu. Jikin hoton yana cikin wata folda, sunansa kuwa yana cikin rumbun bayanai, inda manhajar ta ke rubuta abin da ta sani game da shi. Masu ilmin harshe sun san irin wannan rabuwa tsakanin kalma da abin da ta ke nufi. In igiyar da ta haɗa su ta tsinke, abin yana nan, kalmar tana nan, amma ɗaya ba ta kai mutum ga ɗayan.

Zangunan guda biyar ne. Na farko, tashin hoton daga burauzar mai ɗorawa. Na biyu, ƙofar uwar garke, inda a ke auna girmansa. Na uku, ajiyewa da sarrafawa. Na huɗu, rubuta sunansa. Na biyar, komowarsa zuwa burauzar mai kallo. Ko wace amsa da uwar garke ta ke bayarwa tana tafe da lamba: 200 na nufin an biya bukata, 403 an hana, 404 ba a sami abin da a ka nema ba, 413 kayan sun yi nauyi, 500 kuwa manhajar ce ta faɗi. A yawancin burauza ta kwamfuta, in an danna F12 a kan sami wani sashe wanda ya ke jera dukan abin da burauza ta nema da lambar amsar ko wanne. Daga nan bincike ya ke farawa.

3. Zango na farko: tashi

Da fari fom na intanet rubutu kaɗai ya ke iya kaiwa. A shekarar 1995 ne a ka fitar da ƙa'idar da a ke kira RFC 1867, wadda ta buɗe hanyar aika fayil. Bisa ga wannan ƙa'ida, tilas fom ɗin ya bayyana cewa irin ƙunshinsa multipart/form-data ne, a kuma aika shi ta hanyar POST. In mai gina manhajar ya manta da wannan, burauza ba za ta yi ƙorafi ba. Sai ta aika sunan fayil ɗin kawai, ta bar jikinsa a gida. Alamar wannan cuta ita ce sunan hoton ya bayyana cikin rumbun bayanai, folda kuwa babu kome, ko da hoton ƙarami ne ƙwarai.

Akwai kuma saɓanin sunan gurbi. Ko wane gurbi na fom yana da sunan da manhajar ta ke nemansa da shi. In fom ya kira gurbin «hoto», manhajar kuwa tana neman «hotuna», kayan sun iso amma babu mai karɓa. Waɗannan biyu ba su zaɓen hoto, dukan wanda a ka ɗora sai ya faɗi. Saboda haka gwaji na farko shi ne a ɗora ɗan ƙaramin hoto mai suna sassauƙa, kamar a1.jpg. In shi ma ya ƙi, laifin yana ga ginin fom ɗin ko ga izinin ajiya. In ya hau, sai a juya ga girman hoton da ya ƙi, ko irinsa, ko sunansa.

4. Zango na biyu: ma'auni a bakin ƙofa

Ko wace uwar garke tana da iyakar nauyin da ta ke karɓa, iyakar kuwa ba ɗaya ba ce, ƙofofi ne a jere. Shirin nginx, wanda ya ke tsaron ƙofar waje a manhajoji da yawa, in ba a sake masa umarni ba megabayit 1 kaɗai ya ke bari ya wuce, abin da ya fi haka sai ya mai da shi da lamba 413. Bayan wannan, in an gina manhajar da PHP, akwai ƙofofi biyu. Ɗaya ita ce upload_max_filesize, wadda ta ke tsaye a megabayit 2 ga fayil guda. Ɗayar ita ce post_max_size, megabayit 8 ga dukan abin da a ka aika a tashi guda. Har wa yau PHP ba ya karɓar fiye da fayil 20 a tashi ɗaya sai an ƙara masa. Wanda ya zaɓi shafi 30 na wata takarda ya ɗora gaba ɗaya, ya iya tarar da 20 kaɗai, sauran goma sun zube a hanya ba tare da wani ya gaya masa ba.

A gwada waɗannan iyakoki da nauyin hoton takarda. Takarda mai girman A4, in an ɗauke ta da ɗigo 600 cikin ko wane inci, ta kan ba da ɗigo wajen 4,960 a faɗi da 7,016 a tsawo, watau kusan ɗigo miliyan 35. Ko wane ɗigo mai launi yana cin bayit 3, saboda haka fayil ɗin TIFF wanda ba a matse ba ya kan kai megabayit 100 ko kusa da haka. Ko an rage zuwa ɗigo 300 cikin inci, nauyin ya kan tasam ma megabayit 25. Ashe iyakokin da shirye-shiryen nan su ka zo da su ba a yi su domin irin wannan kaya ba.

Abin lura a nan shi ne mafi ƙanƙantar ƙofa ita ke da hukunci. In an faɗaɗa ta PHP an bar ta nginx, ba a yi kome ba. In an faɗaɗa iyakar fayil guda an bar iyakar dukan aike, nan ma haka. Wannan ta ƙarshe tana da wani hali mai ruɗarwa: sa'ad da aike ya wuce post_max_size, PHP ya kan miƙa wa manhajar fom wofi, sai ta ce wa mai ɗorawa bai zaɓi hoto ba, alhali kuwa ya zaɓa. Bayan an gyara adadin kuma, wajibi ne a sake tayar da shirin, in ba haka ba da tsohon umarni zai ci gaba da aiki.

5. Zango na uku: ajiyewa da sarrafawa

Hoton da ya wuce ƙofa ba a kai shi mazauninsa kai tsaye. A kan sauke shi a wata folda ta wucin gadi, sa'an nan manhajar ta ɗauke shi ta kai shi inda zai zauna. In ba ta ɗauke shi ba kafin ta gama amsa, a kan share shi. Abu uku su kan hana wannan ƙaura: ko foldar da za a kai shi babu ita, ko faifan ajiya ya cika, ko kuwa manhajar ba ta da izinin rubutu a cikinta.

Maganar izini tana bukatar bayani. A kwamfutocin Linux, waɗanda su ne yawancin uwayen garke, ko wace folda tana da mai ita, an kuma rubuta wanda ya ke da ikon karantawa da wanda ya ke da ikon rubutawa. Manhajar ba da sunan mai gina ta ta ke aiki ba, tana da nata suna dabam, a Debian da Ubuntu ana kiransa www-data. In mai ginin ya buɗe foldar da sunan kansa, manhajar ta zama baƙuwa a wurin. Waɗansu su kan yi gaggawa su ba foldar izini 777, watau kowa ya karanta kowa ya rubuta. Lalle hoton zai hau, amma an cire ƙyauren ɗakin ke nan domin mabuɗi ya ƙi. Abin da ya dace shi ne a mai da foldar mallakar manhajar, a bar ta a 755, fayiloli kuma a 644.

Sa'an nan sai sarrafawa. Yawancin manhajoji su kan yi ɗan ƙaramin kwafi na ko wane hoto domin jeri. Kafin su yi haka sai sun warware hoton duka cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, a nan kuwa yawan ɗigo a ke dubawa, ba nauyin fayil ba. Shafin nan mai ɗigo miliyan 35, ko an matse shi ya zama JPEG mai 'yan megabayit kaɗan, in an warware shi bisa bayit 4 ga ko wane ɗigo sai ya wuce megabayit 128 da PHP ya saba ba aiki guda. Sai manhajar ta faɗi da lamba 500, ko ta nuna farin shafi. Sau da yawa babban hoton ya riga ya sauka lafiya, ƙaramin kwafin ne babu. Dalilin faɗuwar a rubuce ya ke cikin rajistar kurakurai ta uwar garke, wadda ya kamata a duba kafin a taɓa kome.

Akwai kuma hotunan da su kan fito yau, gobe a neme su a rasa. Waɗansu masu ba da hayar uwar garke su kan mai da faifan manhaja yadda ya ke da fari duk sa'ad da a ka sake tayar da ita. A irin wannan wuri ba a ajiye hoto tare da manhajar, sai a nema masa ma'aji dabam mai ɗorewa.

6. Zango na huɗu: suna

Wannan zango shi ya fi shafar masu aiki da Hausa. Tsarin ASCII, wanda ya fito a 1963 kuma a ka gina adireshin intanet bisa kansa, gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, waɗanda su ka shiga rubutun boko cikin shekarun 1930, sun sami lambobinsu ne cikin tsarin Unicode: ɓ tana da 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ ta rubutun Nijar kuwa 01B4. Hanyar da a ka fi bi wajen mai da waɗannan lambobi bayit ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike su ka tsara a 1992. A cikinta baƙi irin na ASCII bayit ɗaya ya ke ci, mai ƙugiya kuwa biyu. Alal misali ƙ ita ce C6 99, ɗ ita ce C9 97, ɓ ita ce C9 93. A cikin adireshi a kan sa alamar % gaban ko wane bayit, sai ƙofa.jpg ta zama %C6%99ofa.jpg. In ko wane sashe na manhajar ya bi wannan tsari, babu wata wahala. Wahala ta kan zo sa'ad da sashe ɗaya ya saɓa, ta fuskoki kamar shida.

Ta farko, karanta bayit da tsarin da ba nasu ba. In wani sashe ya ɗauki C6 99 ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ga baƙi biyu, ƙofa ta zama Æ™ofa. Wanda ya ga irin wannan ya kwantar da hankalinsa, gama bayit ɗin suna nan, karatun ne ya karkace, ana kuwa iya mai da shi daidai. Kusa da wannan akwai sa alamar % sau biyu, inda %C6%99 ta kan zama %25C6%2599, sai uwar garke ta nemi fayil ɗin da babu shi.

Ta biyu ta fi muni. Rumbun bayanai na MySQL, kafin fitowar 8.0 a 2018, da tsarin latin1 ya ke zuwa in ba a sake shi ba. Gurbin da a ka gina bisa latin1 ba shi da wurin sa ƙ, sai ya ƙi karɓar sunan, ko kuwa ya sa alamar tambaya a madadinta. In ?ofa.jpg ya shiga rumbu, ƙugiyar ta tafi ke nan, ba a kuwa iya sanin ko ƙ ce ko ɗ sai an koma ga foldar.

Ta uku, masu tsabtace suna. Domin tsaro, manhajoji su kan tace sunan fayil kafin su ajiye shi. Waɗansu matatan su kan mai da mai ƙugiya marar ƙugiya, sai baƙi.jpg da baki.jpg su zama ɗaya, haka ƙafa da kafa. Waɗansu kuwa zubar da baƙin su ke yi ɗungum. Matacin secure_filename na Werkzeug, wanda masu gini da Flask su ke yawan amfani da shi, haka ya ke yi: dukan abin da ba ASCII ba ya kan jefar. A hannunsa ɗaya.jpg, da ƙaya.jpg, da aya.jpg duk aya.jpg ne. Sunan da a ka rubuta da ajami kuwa ba ya barin kome daga cikinsa sai jpg. In manhajar ba ta duba ko akwai mai wannan suna tun da fari, na baya ya kan hau kan na gaba ya shafe shi, ba ƙara ba alama. Mai ɗorawa ya ga an ce an karɓa sau uku, alhali hoto ɗaya ya rage. In shafukan wata takarda ce wadda mai ita ya ba da aronta na yini guda, kuma an share su daga kyamara bisa dogaro ga manhajar, hasarar ba ta da magani.

Ta huɗu, alamar da a ke rubuta 'ya'ya da sa'a da ita. Ido yana ganin alama ɗaya, amma Unicode yana da uku da a kan yi amfani da su: 0027 ta allon bugu, 2019 wadda shirye-shiryen buga takarda su kan musanya ta da ita da kansu, da 02BC wadda a ka tanada domin ta zama baƙi sosai. Fayil ɗin da a ka ajiye da ɗaya ba ya amsa kiran ɗayar. Bayan haka, ta farkon tana da aiki cikin harsunan kwamfuta, ita ce a kan buɗe zance a rufe da ita. In an sa adireshin hoto tsakanin irin waɗannan alamu biyu, sa'an nan sunan ya zo da tasa, burauza ta kan yanke adireshin a nan. In kuwa sunan da ke da ita ya sa rumbun bayanai ya yi kuskure, wannan shaida ce cewa manhajar tana da kafar da ɓarawo ya ke iya shiga, ya kamata a gaya wa mai gina ta nan da nan. Alamar # da alamar ? su ma suna da aiki cikin adireshi, in ba a sauya su ba abin da ya biyo bayansu ba a lissafa shi cikin sunan.

Ta biyar ta shafi masu sa alamun karin sauti. Wasalin à ana iya rubuta shi hanya biyu, ko da lamba guda, 00E0, ko kuwa a ta zo sa'an nan alamar 0300 ta hau kanta. Kamanninsu ɗaya, bayit ɗinsu dabam. Tsohon tsarin ajiya na kwamfutocin Mac, watau HFS+, ya kan warware irin wannan wasali ya ajiye shi a rabe. An maye gurbinsa da APFS a 2017, amma fayilolin da a ka tara tun kafin nan suna tafe da sunayensu yadda su ke. In an kwashe su zuwa Linux, a ka kuma buga sunayen cikin rumbu da haɗaɗɗen wasali, sai a sami 404 ga fayil ɗin da ido ya ke gani ƙuru-ƙuru cikin folda. Baƙaƙe masu ƙugiya ba su da wannan illa, gama Unicode bai raba su da ƙugiyarsu ba.

Ta shida, babban baƙi da ƙarami. Windows ba ya bambanta Ɗaki.jpg da ɗaki.jpg, ko shafi.JPG da shafi.jpg. Linux yana bambantawa. Wannan shi ya kan sa manhaja ta yi aiki sumul a kwamfutar mai gina ta, ranar da a ka kai ta uwar garke rabin hotunan su ɓuya.

Maganin dukan shidan ɗaya ne, masu tsaron littattafai kuwa sun daɗe da saninsa. Littafi yana da sunansa, yana kuma da lambar da a ka manna a gadon bayansa domin a san kantarsa. Haka ya kamata a yi wa hoto. Manhajar ta ba fayil ɗin lamba wadda ba ta maimaituwa, da ƙananan baƙaƙen ASCII da alƙaluma kaɗai, kamar mss014-f023a.jpg. Sunansa na Hausa kuwa, da ƙugiyoyinsa da alamunsa cif, a ajiye shi cikin rumbun da a ka gina bisa utf8mb4, a nuna shi ƙarƙashin hoton, a kuma sa shi cikin bayanin da a ke karanta wa makafi. Kuskure ne a ce tun da ya ke ƙugiya tana kawo wahala a daina rubuta ta. Wahalar ta tsaya ga sunan fayil, ba ta da hujja a kan rubutun da mutane za su karanta.

7. Zango na biyar: komowa

In an tabbata hoton yana cikin folda, sai a ɗauki adireshinsa daga shafin a buɗe shi shi kaɗai, a dubi lambar amsa. In 404 ce, a gwama adireshin da sunan fayil ɗin baƙi baƙi. A duba kuma ko manhajar ta rubuta hanyar cikin faifai, irin /var/www/, a madadin adireshin waje, gama wannan hanyar uwar garke kaɗai ta san ta. In 403 ce, fayil ɗin yana nan, izinin karantawa ne babu. In shafin ta https ya zo, adireshin hoton kuwa http ne, burauza ta kan gwada neman sa ta https, in ba ta samu ba ta ƙi nuna shi.

Ya kan yiwu amsa ta zo 200 amma hoton ya ƙi fitowa. A nan sai a tuhumi irinsa. JPEG, da PNG, da GIF, da WebP, dukan burauzar yanzu suna nuna su. TIFF kuwa, wanda masu ajiyar takardu su ka fi so domin ba ya rage kome, yawancinsu ba su nuna shi, haka kuma HEIC wanda wayoyin iPhone su ka fara ɗauka da shi a 2017. Sake wutsiyar suna daga .heic zuwa .jpg ba ya sake abin da ke ciki. Ana gane irin fayil ta bayit ɗinsa na farko: JPEG da FF D8 FF ya ke farawa, PNG kuwa da 89 50 4E 47. Dabarar da ta dace ita ce a adana TIFF a matsayin uwa, a fitar da JPEG daga gare shi domin nuni.

Wani hoton kuma ya kan fito a kishingiɗe. Kyamara ba ta juya ɗigon hoto sa'ad da a ka juya ta, sai dai ta rubuta cikin bayanan EXIF yadda za a tsai da shi, hali ɗaya daga cikin takwas. Tun daga 2020 manyan burauza suna bin wannan umarni da kansu. Amma shirin da ya ke yin ƙaramin kwafi ya kan zubar da EXIF ba tare da ya juya hoton ba, sai babba ya tsaya daidai ƙarami ya kwanta. Sai a juya hoton tukuna, sa'an nan a zubar da bayanan. Zubar da su daga kwafin nuni yana da wani amfani kuma: waya ta kan rubuta wurin da a ka ɗauki hoto a cikinsu, ba daidai ba ne kuwa a nuna wa duniya ƙofar gidan malamin da ya ke riƙe da takardu masu daraja.

Na ƙarshe, hoton da a ka musanya amma tsohon ya ke ta fitowa. Burauza ta kan riƙe kwafin abin da ta taɓa karɓa, domin kada ta sake nema. In sabon hoto ya gaji sunan tsoho, ita ba ta san an yi sauyi ba. Ba sabon hoto sabuwar lamba ya raba wannan gardama.

8. Tsarin bincike

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tsari mai sauƙi, wanda malamin da ba shi da ilmin gina manhaja ya ke iya bi. Da fari a gwada ɗan ƙaramin JPEG mai suna a1.jpg. In ya hau, a ɗauki hoton da ya ƙi a sake masa suna kawai, a gwada. In har yanzu ya ƙi, a rage girmansa a gwada, sa'an nan a sake irinsa. Abu ɗaya a ke sakewa a ko wane gwaji, gama in an sake biyu tare ba a san wanda ya yi maganin ba. A rubuta lambar amsa, da sa'ar da abin ya faru, da sunan fayil ɗin yadda ya ke, da nauyinsa. Mai gyara da a ka kai wa waɗannan zai je rajistar kurakurai kai tsaye, wanda kuwa a ka ce masa «ya ƙi» kawai sai ya fara lalube.

Kafin wani sashe na jami'a ko kwaleji ya amince wa sabuwar manhaja da hotunansa, yana da kyau a yi mata jarrabawa da hotuna dabam dabam masu suna ɗaya.jpg, ƙaya.jpg, aya.jpg, baƙi.jpg, baki.jpg, 'ya'ya.jpg, da biyu masu sunan ajami. Takwas a ka ɗora, takwas ya kamata a ƙirga a folda, ko wanne kuma ya fito ƙarƙashin sunansa. Ko ta ci wannan jarrabawa, kada a share uwar hoto daga inda a ka ɗauke ta sai an ƙirga shafukan da su ka hau an ga sun cika, an kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam da uwar garke.